Hoyt Wilhelm: Tsohon sojan da ya ɗaga darajar 'yan benci a wasan besbol

A wasan besbol na Amurka, akwai mai jefa ƙwallon da ake ajiyewa a benci, sai wanda ya fara jifa ya gaji ko wasa ya rincaɓe a kira shi ya yi ceto. Da can ana raina wannan aiki, kafin zuwan Hoyt Wilhelm.

An haife shi a 1922 a jihar North Carolina. Ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka ji masa rauni a Turai. Sai a 1952, yana da shekara 29, ya fara buga babbar gasa da ƙungiyar New York Giants.

Makaminsa shi ne jifan da ƙwallo ke tafiya kusan ba ta juyawa, tana layi a iska, mai duka ya rasa ta inda za ta ɓullo.

Auna ƙwazonsa ya yi wuya, domin sai a 1969 aka fara lissafin ceto a hukumance, lokacin ya kusa ritaya. Shi ya sa aka fi duba makin da abokan hamayya ke ci a hannunsa: 2.52 kacal a duk zagaye tara, wato tsawon cikakken wasa. Ya buga wasanni 1,070, kuma nasarori 124 da ya samu daga benci har yau babu wanda ya kamo su.

Ya bar wasa a 1972, saura kwanaki ya cika shekara 50. A 1985 ya zama mai ceto na farko da aka shigar Zauren Gwarzaye na Cooperstown. Ya rasu a Florida a 2002.