Ronald Ross: Likitan da Ya Auna Cizon Sauro da Lissafi

An haifi Ronald Ross a garin Almora na ƙasar Indiya ran 13 ga Mayu, 1857. Mahaifinsa hafsa ne a rundunar sojan Ingila, shi ne kuma ya matsa masa ya karanta aikin likita a Landan, alhali kuwa zuciyar yaron ta fi karkata ga waƙa da lissafi. Ya shiga aikin likitan soja a Indiya a 1881, amma bai saki lissafin ba, ya yi ta koyar da kansa a lokacin hutu.

Abin da duniya ta fi saninsa da shi ya faru ne ran 20 ga Agusta, 1897, a Sikandarabad, inda ya feɗe wani sauro, ya ga ƙwayar cutar zazzaɓi a jikin tumbinsa. Wannan aiki ne ya jawo masa kyautar Nobel a 1902. Ba a raba shi da rigima ba, domin ya daɗe yana tsiya da masanin nan na Italiya, Giovanni Grassi, a kan wanda ya riga wani, kuma a gaskiya Ross bai yi wa abokin hamayyarsa adalci ba.

To, gano mai laifi daban, hukunta shi daban. Da Ross ya je Firitawun ta Saliyo a 1899 yana kiran a yaƙi sauro, mahukunta da yawa suka ɗauki maganar wasa, suna ganin ba mai iya ƙarar da sauro a ƙasa. Nan ne lissafinsa ya yi rana. A rahotonsa na tsibirin Morishas na 1908 ya fara siffanta yaɗuwar cutar da lissafi, sa'an nan a bugu na biyu na littafinsa kan rigakafin zazzaɓi a 1911, ya siffanta ta da irin lissafin nan da ake koyarwa a jami'o'i, watau lissafin saurin sauyi. Shi wannan lissafi ba ya tambayar mutum nawa ne ke kwance yau, sai dai da wane sauri adadinsu ke hawa ko sauka. Ross ya kafa jumloli biyu, ɗaya ta mutane, ɗaya ta sauro. Masu ciwo suna ƙaruwa gwargwadon cizon sauro mai ɗauke da ƙwayar, suna raguwa gwargwadon warkewa. Sauro masu ƙwayar kuwa suna ƙaruwa da cizon marasa lafiya, suna raguwa da mutuwa. Da ya warware su sai ga wani abin mamaki: akwai wata iyaka wadda in yawan sauro ya sauko ƙasa da ita, cutar za ta mutu da kanta, ko da sauran sauro na nan yana kuka a kunnen mutane. Ashe ba sai an kashe na ƙarshe ba.

Likitocin zamaninsa ba su kula ba, galibinsu ma ba su iya karanta jumlolin ba. Ya ci gaba tare da wata masaniyar lissafi, Hilda Hudson, suka buga aikinsu a 1917. Ya rasu a Landan ran 16 ga Satumba, 1932.

George Macdonald ne ya farfaɗo da aikin a shekarun 1950. Daga baya kuma aka gwada irin wannan lissafi a ƙasar Hausa, a binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi a Garki, ta Jihar Kano a lokacin, Jigawa a yau, daga 1969 zuwa 1976. An fesa magani a ɗakuna, an raba ƙwayoyi ga jama'a, zazzaɓi ya ragu ƙwarai, amma cizon sauro a wannan yanki ya yi wa iyakar nan nisa, bayan an daina kuwa cutar ta komo.