Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata da Dokokin Cinikin Gyaɗa

Kowa ya san sunan Alhaji Alhassan Ɗantata a kan dukiya. Amma abin da muke so masu karatu su lura da shi yau shi ne yadda dokokin ciniki suka yi ta sakewa a zamaninsa, da yadda ya zauna da kowacce.

An haife shi a Bebeji, kudu da birnin Kano, cikin 1877. Iyayensa Agalawa ne, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun yana yaro, mahaifiyarsa kuwa ta tafi Ankara, babban birnin Ghana ta yau. Sai wata tsohuwa mai suna Tata ta riƙe shi, daga nan ya sami laƙabin Ɗantata. A wancan zamani dokar fatauci ba a rubuce take ba. Maganar madugu ita ce hukunci cikin ayari, sarakunan hanya su karɓi kuɗin fito, sauran kuwa amana ce. A kan wannan ya tashi, har ya shiga kai goro Ikko ta jirgin ruwa.

Da jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano cikin 1912, sai gyaɗa ta yi daraja. Kamfanonin Turawa na da kuɗi, amma ba su san ƙauye ba. Cikin 1918 Kamfanin Neja ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa, shi kuma ya ba yaransa jari suka bazu cikin karkara. Sa'ad da aka buɗe banki a Kano cikin 1929, raƙuma ashirin suka kai masa kuɗinsa na azurfa ajiya.

To, sai ga Yaƙin Duniya na Biyu. Cikin 1942 Gwamnatin Ingila ta kafa hukumar kula da amfanin gona na Afirka ta Yamma. Ita ke yanka farashi, ta kuma raba wa kamfanoni rabon saye gwargwadon abin da kowanne ya saba fitarwa kafin yaƙi. Da yake manyan kamfanonin Turawa ne ke fitarwa dā ma, dokar ta bar ɗan ƙasa a matsayin ɗan aike, kome dukiyarsa. Cikin 1949 aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa ta Nijeriya, cikin 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar Jihar Arewa. Ba mai saya wa hukuma sai mai lasin, lasin kuwa sai mai jari da wurin ajiya. Alhassan ya yi haƙuri ya cika sharuɗɗa, a ƙarshen rayuwarsa ya sami lasin nasa na kansa, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ya yi wa aiki dā.

Manomi fa, na Bebeji ko na Ƙiru? Hukuma takan biya shi ƙasa da abin da ta sayar a Turai, ta ajiye ragowar, wai don ranar faɗuwar kasuwa. Cikin 1954 wani masanin tattalin arziki, P. T. Bauer, ya buga littafi a kan cinikin Afirka ta Yamma, inda ya nuna ajiyar nan haraji ce a ɓoye. Waɗansu kuwa suka ce da ita aka yi ayyukan raya ƙasa. An rushe hukumomin cikin 1986, amma masu zurfin ilmin shari'a da tattalin arziki ba su bar gardamar ba.

Alhassan ya rasu a Kano ran 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari. Mu dai abin da muka gani cikin labarinsa shi ne, doka kan buɗe kasuwa, takan kuma rufe ta, saboda haka wajibi ne mai tsara ta ya tuna da wanda ya yi noman. Allah ya jiƙansa, amin.