Tarihin Bajamushe Mai Jan Jirgi

Ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in gutsura wa 'yan'uwa tarihin Manfred von Richthofen, matuƙin jirgin yaƙin Jamus.

An haife shi a Breslau a 1892. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, wanda wutarsa ta kai har Garwa da Mora a Kamaru, sojan doki ne shi. To, da faɗa ya koma cikin ramuka, doki ya rasa amfani, sai ya koma jirgi a 1915. Ya shafe nasa da jan fenti, kowa ya gane shi tun daga nesa.

Duk jirgin da ya kakkaɓo sai ya sa a ƙera masa kofin azurfa, har 60, sannan azurfa ta yi wuya a Jamus. Ni kam ban ga kyan wannan ba, domin 'ya'yan wasu ne ke mutuwa. Jirage 80 ya harbo, ba wanda ya kamo shi a yaƙin.

Ranar 21 ga Afrilu 1918, a Faransa, ya bi wani sabon matuƙi ɗan Kanada ƙasa-ƙasa har cikin abokan gaba. Harsashi ɗaya ya same shi a ƙirji, ya mutu yana da shekara 25. An ce Kyaftin Roy Brown ne, amma yawancin masana sun ce sojojin Ostareliya ne daga ƙasa. Su ne kuma suka binne shi washegari, da cikakkiyar girmamawar soja.