Muhammadu Agabba da Aznan Adar

Gidan sarautar Illela, inda Sarkin Adar yake zaune har yau, yana kai salsalarsa ga mutum guda, Muhammadu Agabba. Ba a ƙasar Hausa aka haife shi ba. Ɗan sarautar Agadas ne, ɗan Sarkin Azbin Muhammadu Almubarak, wanda ya riƙe mulki daga 1654 zuwa 1687. Sunan nasa ma yana ɗauke da alamar asalinsa, domin a wasu rubuce-rubuce ana raba shi gida biyu, Ag da Abba, kuma ag a harshen Tamajak ita ce ɗan. Bakin Bahaushe ne ya haɗe su suka zama kalma ɗaya. Zuriyar sarakunan Agadas tana danganta kanta da birnin Istambul, shi ya sa ake kiran jikokin Agabba a Adar da Istambulawa, wato sunan birnin Turkawa da ɗafin jam'in Hausa a wutsiyarsa.

A zamanin ƙuruciyarsa Adar tana ƙarƙashin Kabi, daular da Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16. Ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka masu albarka, irin su Majiya da kwarin Badagishiri, kuma ta nan ayarin Azbin yake bi zuwa kudu da gishiri da dabino, ya komo da gero da tufafi. Wanda ya riƙe Adar ya riƙe maƙogwaron Agadas. A 1674, mahaifinsa yana kan gado, Agabba ya jagoranci rundunar Azbin, ya ci Kabi da yaƙi, ya fizge Adar daga hannunta. Wannan shekara ce mafi shahara a tarihin yankin, kuma Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa take ɗauke da sunansa, ya yi mata cikakken bayani a littafinsa na tarihin Adar da ya fito a 1975.

Korar Kabi ba ta nufin ƙasar ta zama tasa. Mutanen da ya tarar a kanta su ne Azna, kuma a nan ya kamata ɗalibin harshe ya ɗan dakata. Kalmar tana da siga uku a karin harshen Hausa: azna a yamma, anna a wajen Maraɗi, arna a Kano. A yau kunne yana jin ta da ma'anar wanda ba Musulmi ba, har ma ta zama zagi. A Adar ma'anarta ta fi haka faɗi, tana nufin manoman da suka riga kowa zama a wurin. Wasu daga cikinsu ana ce musu Aznan ramu, saboda labarinsu na kaka da kakanni ya ce daga kogunan duwatsu suka fito, ba su zo daga ko'ina ba. Wasu kuma mahalba ne da suka biyo sawun nama har suka sari daji suka zauna.

Aznan ba su musanta Allah ba. Sun ɗauke shi Mahalicci, amma mai nisa, wanda ba a kai masa ƙarar yau da kullum. Waɗanda ake hulɗa da su su ne iskoki, mazauna tsamiya da kuka da dutse da tafki. A ganinsu babu wani fili da yake kango. Duk wanda ya fara sauka a wuri sai ya ƙulla alkawari da iskar wurin, ya san abin da take so a yanka mata, da launinsa, da lokacinsa, da abin da ta hana. Wannan sani shi ne gado, kuma a jini yake tafiya. Dangin noma suna da nasu, mahalba da maƙera kowa da nasa, kuma gadon ya haɗa sana'a da magani da tsafi a dunƙule. Saboda haka mai ƙasa a wurinsu shi ne wanda ƙasar ta sani, wanda idan ya yi yanka damina za ta yi kyau. Ba su da fada, ba su da dogarai. Dattawan dangi ne suke yanke magana, kuma girman mutum yana zuwa ne daga shekarunsa da gadon da ke hannunsa.

Tunani irin wannan yana da wani sakamako a siyasa. Mayaƙi zai iya ƙwace rumbu, ya kama bayi, ya ɗora haraji, amma alkawarin da kakan wani ya ƙulla da iskar kwari ba ya cikin ganima. Baƙo ko da ya zo da dawaki dubu, idan yana son gero ya nuna, dole ya bar mai yanka ya yi yankansa.

Agabba bai zauna a Adar nan take ba. Ya koma Agadas, ya gaji mahaifinsa a 1687, ya shekara 34 yana sarautar Azbin, yana fafatawa da Gobir da Zamfara. A 1721 ɗan'uwansa Muhammadu Al'amin ya tumɓuke shi. Da girma ya kama shi, sai ya juya ya nufi ƙasar da ya ci da yaƙi shekaru 47 da suka wuce, ya kafa mazauninsa a Birnin Adar. Abin lura ne cewa daular da ta ɗauki sunansa har yau ba a lokacin ƙarfinsa ya kafa ta ba, sai bayan da ya rasa gadon ubansa. A gefensa akwai Lisawan, Abzinawan da suka mara masa baya tun yaƙin farko, waɗanda shugabanninsu suka riƙe sassan ƙasar suka kuma samu bakin magana wajen naɗa Sarkin Adar.

Tsarin da ya kafu a ƙarƙashin gidansa mai hawa biyu ne. Sarki da hakimansa suna mulkin mutane: yaƙi, shari'a, haraji, tsaron hanya. Azna suna riƙe da abin da ya shafi ƙasa: buɗin daji kafin farauta, yankan neman ruwa, duban abin da shekara za ta zo da shi. Sarki Musulmi ne, yana da malamansa, amma bai rushe wuraren tsafi ba. Kada a ɗauka adalci ne zalla. Azna sun zama talakawa masu biya, kuma daga gumin gonarsu fada da Lisawan suka ci. Rikiɗar da ma'anar sunansu ta yi, daga masu ƙasa zuwa abin raini, ita kanta shaida ce ta wanda ya fi ƙarfi a zaman. Duk da haka, an bar musu abin da su a wurinsu ya fi sarauta nauyi, kuma da wuya gidan Agabba ya daɗe haka a cikin duwatsun Adar da ya nemi haɗa duka biyun a hannunsa.

A fagen harshe kuwa, waɗanda aka ci da yaƙi su suka yi rinjaye. Sarautar da Agabba ya bari da Hausa ake kiranta, Sarkin Adar. Jikokinsa sun auri 'yan ƙasa, sun tashi da Adaranci a baki, karin da yake cewa halshe da halbi da hwari a inda Kano take cewa harshe da harbi da fari, wanda Bernard Caron ya yi wa nazarin nahawu a littafinsa na 1991. Lisawan ma da yawansu Hausa ta zame musu harshen gida. Nicole Echard, wadda ta tattara labaran manoman Adar, ta nuna yadda kowane ƙauye yake riƙe da tarihin zuwan danginsa daki-daki, wane ya riga wane, domin a kan wannan jeri ne haƙƙin kowa yake tsaye.

Agabba ya rasu a 1738. Bayansa ƙasar ta ga jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, da rinjayen Kel Geres da Iwillimmidan a ƙarni na 19, sannan zuwan Faransawa. Fadar ta bar Birnin Adar, daga bisani ta tabbata a Illela. Musulunci ya game ƙauyuka daga Illela zuwa Malbaza har Ƙonni, masu amsa sunan Azna sun ragu ƙwarai. Amma a Massalata, kusa da Birnin Ƙonni, har yanzu ana taruwa shekara-shekara don arwa, inda masu gado suke duba yadda damina da lafiyar ƙasa za su kasance, masu sarauta da jami'an gwamnati kuma suna zuwa su zauna su saurara.