SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO, MAI SON TAMBAYA

Idan makarantu suka taru don gasar kacici-kacici a kan tarihi, da wuya a tashi ba a yi waɗansu tambayoyi uku ba. Wane ne ya gina birnin Sakkwato? Wane ne ya gaji Shehu Usmanu ɗan Fodiyo? Wane Sarkin Musulmi ne ya kafa garin Wurno? Amsar dukansu mutum ɗaya ne, watau Muhammadu Bello. Yaran Giyawa da na Goronyo da na Rabah bai kamata su faɗi waɗannan tambayoyi ba, domin kabarinsa yana nan kusa da su a Wurno. Amma sanin suna kaɗai bai isa ba. Ya kamata a san irin mutumin, gama shi kansa mai yawan tambaya ne, bai yarda ya zauna cikin duhu a kan wani abu ba muddin akwai wanda zai tambaya.

An haifi Muhammadu Bello cikin shekara ta 1781. Ubansa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, uwarsa kuwa sunanta Hauwa'u. Ya tashi a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, inda almajirai su ke zuwa daga nesa don su ɗauki karatu wurin Shehu. Gidansu gidan littattafai ne, maza da mata duk ana karatu. Bello ya yi karatu wurin ubansa, da wurin ƙanen ubansa Malam Abdullahi, da waɗansu malamai da yawa. Ya koyi Larabci ƙwarai, ya san Alkur'ani da hadisi da fikihu. Bai tsaya nan ba, ya shiga neman sanin tarihi da lissafi da magunguna da labarin ƙasashe.

Sa'ad da jama'ar Shehu ta yi yawa, sai zama ya ɓaci tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa. Cikin watan Fabrairu na shekara ta 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. A lokacin Bello saurayi ne, shekarunsa wajen 23. Cikin watan Yuni aka gwabza yaƙi a Tabkin Kwato, jama'ar Shehu suka yi nasara. Amma ba kullum a ke kwana a gado ba. Kafin shekarar ta ƙare aka ci su a Tsuntsuwa, malamai da mahaddata Alkur'ani masu yawa suka rasu. Yunwa da ciwo kuma suka dame su. Bello ya ga wannan wahala duk da idonsa, bai karai ba. Cikin shekara ta 1808 shi ne ya ja rundunar da ta ci Alkalawa, babban birnin Gobir, aka kashe Yunfa.

Bayan wannan, cikin shekara ta 1809, Bello ya zaɓi wani tudu kusa da inda Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suka haɗu, ya fara gina gari, ya kewaye shi da ganuwa. Wannan shi ne Sakkwato. Cikin shekara ta 1812 Shehu ya raba aikin mulki biyu. Ya danƙa wa Abdullahi ƙasashen yamma, ya danƙa wa Bello na gabas, shi kuwa ya ci gaba da koyarwa da rubutu. A wannan shekara ce Bello ya gama babban littafinsa mai suna Infaƙul Maisuri. A ciki ya fara da bayanin ƙasashen Sudan ɗaya ɗaya, da mutanensu da malamansu, sa'an nan ya ba da labarin jihadi. Ya kuma sa wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Laminu na Barno. Shehu Laminu ya tambaya da wace hujja a ke yaƙar ƙasar da mutanenta su ke salla da azumi. Tambaya ce mai nauyi. Bello bai ɓoye ta ba, ya rubuta ta cikin littafinsa tare da amsar da ya bayar, don na baya su karanta su duba da kansu.

Shehu ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilu na shekara ta 1817. Jama'a suka yi wa Bello mubaya'a, ya zama Sarkin Musulmi. Farkon sarautarsa ba ta zo da sauƙi ba. Ƙasashe da yawa suka tayar, har wani babban almajirin Shehu mai suna Abdussalami ya yi tawaye a Kware, sai da aka yi yaƙi kafin wutar ta mutu cikin shekara ta 1818. Tsakanin Bello da Malam Abdullahi ma an sami sanyin zumunci a kan zancen gadon sarauta. Amma sa'ad da mutanen Kalambaina suka tsananta wa Abdullahi, Bello ya tashi da rundunarsa ya kai masa gudummawa. Bayan nasara suka sadu, kowa ya girmama ɗan'uwansa, Abdullahi ya yi masa mubaya'a, zumunci ya koma yadda ya ke.

Cikin watan Maris na shekara ta 1824 wani Bature, Kyaftin Clapperton, ya iso Sakkwato. Ya ƙetare hamada daga Tarabulus, ya biyo ta Barno da Kano. Waziri Giɗaɗo, mijin Nana Asma'u, shi ya sauke shi. Baturen ya zo ne da niyyar ya yi tambayoyi, sai ya tarar da wanda ya fi shi tambaya. Bello ya tambaye shi labarin Ingila da sarkinta, da yadda Ingilishi suka mallaki ƙasar Indiya, da yaƙin da a ke yi tsakanin Turkawa da Yunanawa. Ya tambaye shi ɗarikun Kirista na zamanin dā, yana kiran sunayensu, har Clapperton ya yarda cewa saninsa bai kai nan ba. Da Baturen ya fito da taswirar sararin sama, sai Bello ya riƙa nuna burujai da taurari yana faɗin sunayensu da Larabci. Ya dudduba madubin hangen nesa da allurar nuna arewa, ya nemi a bayyana masa yadda kowanne ya ke aiki. Ya kuma roƙi a aiko masa da likita daga Ingila wanda zai zauna a ƙasarsa.

Babbar tambayar da ta kawo Clapperton ita ce: ina Kogin Kwara ya ke ƙarewa? A zamanin nan masanan Turai sun yi shekaru suna gardama a kanta. Waɗansu sun ce yana haɗuwa da Kogin Nilu, waɗansu sun ce yana ɓacewa cikin wani tabki. Bello ya zana masa hanyar kogin a ƙasa, ya kuma sa aka yi masa taswira a takarda, wadda aka buga a Ingila cikin shekara ta 1826. Amma bai bar shi ya tafi Yawuri ya ga kogin ba.

Clapperton ya komo cikin shekara ta 1826, wannan karo ta kudu, daga bakin teku. Cikin kyautar da ya kawo akwai littattafan Larabci, har da littafin lissafin awo na wani masanin Yunanawa mai suna Uklidis. Bello ya yi murna da wannan littafi ƙwarai, domin dā akwai irinsa a gidansu, gobara ta cinye shi. Amma a wannan zuwa ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Barno, saboda haka Bello ya hana Baturen wucewa da kaya zuwa wurin Shehu Laminu. Ban da haka, labarin Indiya bai fita daga zuciyarsa ba. Ya ga baƙin da suka shiga wata ƙasa da ciniki sun ƙare da sarauta, ya kuwa yi hattara. Clapperton ya kamu da ciwo, ya mutu a Sakkwato cikin watan Afrilu na 1827. Baransa, Richard Lander, shi da ƙanensa, su ne suka bi kogin cikin jirgin ruwa a shekara ta 1830, suka tabbatar yana shiga teku ne a kudu. Abin da Bello ya yi tsoro kuwa ya auku daga baya, gama cikin shekara ta 1903 sojan Ingilishi suka ci Sakkwato.

Wata tambaya da ta dami Bello ita ce yadda za a tsare ƙasa mai faɗi haka. Gobirawa da Azbinawa suna kawo hari daga arewa da gabas, suna kwashe mutane da dabbobi. Ya duba cikin littattafai ya ga yadda Musulmin farko su ke gina ribaɗi. Ribaɗi shi ne gari mai ganuwa a bakin iyaka, inda mutane su ke zaune da iyalinsu, suna noma suna karatu, suna kuma tsaron ƙasa. Sai ya shiga kafa irin waɗannan garuruwa, yana sa 'ya'yansa da 'yan'uwansa su shugabance su. Shi kansa bai zauna cikin jin daɗin birni ba. Ya fara zama a Magariya, daga baya, wajen shekara ta 1830, ya gina Wurno a kan tudu bisa fadamar Rima, kamar mil 20 arewa maso gabas da Sakkwato, ya mai da ita mazauninsa.

Ya jawo hankalin Fulani makiyaya su zauna a gari, don 'ya'yansu su sami karatu. Ya umarci sarakuna su gina masallatai da kasuwanni, su gyara hanyoyi, su kula da manoma da maƙera da masaƙa da marina da majema, domin gari ba ya tsayawa sai da masu sana'a. Sarakunan ƙasashe su kan aiko masa da tambayoyi, shi kuwa ya kan amsa musu da ɗan littafi. Haka ya yi wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya rubuta masa Usulus Siyasa a kan ka'idodin mulki. Haka kuma ya yi wa Sarkin Bauchi Yakubu. Ya rubuta littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Ya rubuta wani a kan mata salihai na zamanin dā, wanda ƙanwarsa Nana Asma'u ta mayar waƙa don mata su haddace. Littattafansa manya da ƙanana sun haura 100. Masu tarihinsa sun shaide shi da cewa daga guminsa ya ke ci, ba ya taɓa dukiyar baitulmali don bukatar kansa.

Cikin shekara ta 1836 abokan gaba suka haɗa kai, Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa. Bello ya fita da kansa, ko da ya ke girma ya fara kama shi. Aka haɗu a Gawakuke, ya yi babbar nasara, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda na Maraɗi. Ƙasa ta sami sauƙi. Bai daɗe ba bayan wannan ciwo ya kama shi. Allah ya yi masa rasuwa a Wurno cikin watan Oktoba na shekara ta 1837, bayan ya yi shekara 20 yana sarauta. A nan aka rufe shi, har yau kuwa mutane suna zuwa ziyarar hubbarensa. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi.

Zuriyarsa ta yaɗu cikin wannan yanki. Ɗansa Aliyu Babba ya zama Sarkin Musulmi daga 1842 zuwa 1859, ya zauna a Wurno, a nan ne kuma wani Bature Bajamushe, Dokta Barth, ya sauka cikin shekara ta 1853. Wani ɗansa, Abubakar Atiku na Rabah, shi ma ya yi sarautar Musulmi. Jikan wannan kuwa shi ne Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa, wanda aka haifa a Rabah.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Muhammadu Bello yana da dawaki da mayaƙa, sarakuna suna bin umarninsa, amma bai ga ƙasƙanci ba ne ya tambayi baƙo abin da bai sani ba. Abin da ya sani kuma bai riƙe shi a ciki ba, ya rubuta ya bari. Yaron da ya ke jin kunyar ɗaga hannu a aji, sai ya tuna da wannan. Allah ya ji ƙansa, amin.

TAMBAYOYI

1. A wace shekara aka haifi Muhammadu Bello, a wane gari kuma ya tashi?
2. Su wane ne suka koya masa karatu?
3. Wane birni ya ci a shekara ta 1808, wane birni kuma ya fara ginawa a 1809?
4. Mene ne ke cikin littafin Infaƙul Maisuri?
5. Faɗi abubuwa uku da Bello ya tambayi Clapperton.
6. Don me Bello ya yi hattara da Turawa?
7. Mene ne ribaɗi? Me ya sa ya gina Wurno?
8. Wane yaƙi aka yi a shekara ta 1836?
9. Ina dangantakar Sardauna Ahmadu Bello da Sarkin Musulmi Bello?
10. Ka tambayi wani dattijo a garinku wanda ya kafa garin, ka rubuta abin da ya gaya maka.