Dorugu Ɗan Damagaram: Yaron da Ya Koya wa Masu Ƙamus Hausa

Duk ɗalibin da ya leƙa tarihin nazarin Hausa ya san sunan J. F. Schön, Bajamushen ɗan mishan da ya wallafa littafin nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Sai dai ba kowa ke tuna bakin da mafi yawan wannan Hausa ta fito ba, wato Dorugu.

An haifi Dorugu wajejen 1840 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance, a ƙasar Damagaram. Mahaifinsa manomi ne kuma makaɗi. A wancan zamani Damagaram tana biyan Barno gandu, hare-haren kamun bayi kuma sun addabi ƙauyuka. Aka fara raba shi da mahaifiyarsa, sannan shi ma aka kama shi bai wuce shekara goma sha biyu ba. Aka bi da shi ta Zinder, ya yi ta sauya iyayengiji har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Barno.

A can ne wani matafiyi Bajamushe, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi. Ba a daɗe ba Overweg ya rasu a bakin Tafkin Cadi a 1852. Dorugu da abokinsa Abbega, ɗan ƙabilar Margi, suka koma hannun Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa ke kira Abdulkarim. A ƙarshen shekarar ayarinsu ya sauka Zinder. Garin da Dorugu ya ratsa yana bawa, ga shi ya sake shigarsa yana ɗa. Daga nan suka wuce Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka isa Tambutu a watan Satumba 1853, inda suka kwashe watanni cikin zaman ɗar-ɗar. A 1855 suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, har suka kai Landan.

A Ingila ne Schön ya ɗauke shi gidansa. Yaro ya riƙa faɗa, malami yana rubutawa: tatsuniyoyi da labarai da tarihin rayuwarsa, waɗanda suka fito cikin Magana Hausa a 1885. Abin da ke ɗaure wa mai karatu kai shi ne natsuwar labarin. Dorugu ya bayyana yunwa da rabuwa da iyaye da ciniki da aka yi da shi a miƙe, ba tare da kuka da ƙaddara ba. Da wannan idon kuma ya dubi Turawa, ya siffanta yadda suke liyafar cin abinci kamar mai nazarin al'adun wata baƙuwar al'umma. Wanda aka kai domin a yi nazarinsa, shi ma ashe nazarin masu gida yake yi.

Ga mu ɗaliban harshe, wannan rubutu taska ce. Yana cikin dogayen zube na farko da aka rubuta da boko, kuma ya adana mana Hausar wani ɗan Damagaram na tsakiyar ƙarni na 19. Dole dai a karanta shi da lura, domin Schön bai bambanta haruffa masu lanƙwasa da 'yan'uwansu yadda muke yi a yau ba, bai kuma nuna karin sauti ba. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara labarin zuwa Ingilishi tare da sharhi.

Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta. Da ya manyanta ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912. An raba shi da uwa da uba da garinsu tun yana ƙarami, amma harshen da ya tashi da shi a Dambanas bai bar bakinsa ba. Da shi ya ci abinci har tsufa, kuma ta hanyarsa muke jin muryarsa yau. Idan muka buɗe tsohon ƙamus, ya dace mu tambayi kanmu wane ne ya furta kalmar kafin a rubuta ta.