Tarihin Ibrahim Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure

Malam Ibrahim Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure da ke jihar Jigawa a yanzu, ya shafe kimanin shekaru 20 na ƙarshen rayuwarsa a fagen fama.

Ya fara ne da yaƙar sarakunan Haɓe a ƙarƙashin tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kuma ƙare da gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda shi ma almajirin wannan jihadi ne.

Ɗantunku shugaba ne na Fulanin Yarimawa, waɗanda ke zaune da dukiyoyinsu a arewacin ƙasar Kano, a yankin Ɗambatta, inda iyakokin Kano da Katsina da Daura suka kusanci juna.

Wannan matsuguni nasa shi ne ya ba shi muhimmanci lokacin da jihadi ya ɓarke a shekarar 1804.

Samun tuta

Bayan da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, kuma jama'arsa suka yi galaba a kan rundunar Gobir a Tafkin Kwatto, sarakunan ƙasar Hausa sun fahimci cewa wutar za ta iso gare su.

Sarakunan Katsina da Daura sun nemi haɗa ƙarfi da Sarkin Kano Alwali domin murƙushe masu jihadin tun kafin su yi ƙarfi.

Masana tarihi sun bayyana cewa Ɗantunku ne ya hana wannan haɗin gwiwa tabbata, kasancewar yankinsa na kan hanyar da rundunonin za su bi su haɗu.

A kan wannan aiki ne Shehu ya ba shi tuta, abin da ya sanya shi cikin jerin masu tuta 14 da ake ambata a tarihin daular Sakkwato.

Daga bisani ya taimaka wa Malam Isiyaku wajen kafa mulkin masu jihadi a Daura. A Kano kuma, an kashe Alwali a Burumburum a wajajen shekarar 1807, aka naɗa Malam Sulaimanu sarki.

Saɓani da Kano

Da ƙura ta lafa, sai wata tambaya ta taso, wato a ƙarƙashin wa Ɗantunku yake.

A matsayinsa na mai tuta, yana da ikon kai caffa ga Shehu kai tsaye. Sai dai kuma yawancin garuruwan da ke hannunsa, ƙasar Kano ce tun zamanin Haɓe.

Malam Sulaimanu mutum ne mai gudun duniya, bai kuma matsa a kan wannan batu ba, saboda haka aka zauna lafiya muddin yana raye.

Al'amura sun sauya bayan rasuwar Shehu a shekarar 1817, da kuma ta Sulaimanu a 1819, lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar da Ibrahim Dabo, daga gidan Sulluɓawa, a kan gadon sarautar Kano.

Garuruwa da dama sun yi wa sabon sarkin bore, ya kuma bi su ɗaya bayan ɗaya ya ci su da yaƙi, har aka yi masa laƙabi da Cigari.

Da Dabo ya nemi Ɗantunku ya yi masa mubaya'a, sai ya ƙi. Shi kuma Sarkin Kano ya ɗauki yankin baki ɗaya ya danƙa wa Sarkin Bai, shugaban Dambazawa.

Shekaru biyar na yaƙi

Yaƙin da ya biyo baya ya ɗauki kimanin shekaru biyar ana yi, daga wannan rani zuwa wancan.

Da farko Ɗantunku ne ke da rinjaye, har mahayansa kan kai hari kusa da ganuwar birnin Kano. Amma Kano ta fi shi yawan jama'a da dawakai, a hankali kuma aka riƙa tura shi arewa, har Ɗambatta ta suɓuce masa.

Matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, wanda ya bi ta ƙasar Kano a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato a farkon shekarar 1824, ya tarar da Sarki Dabo a sansani yana shirin fita yaƙi. Ya kuma ba da labarin kufayen ƙauyukan da rikicin ya tayar, da irin fargabar da fatake ke ciki a kan hanya.

Ɗantunku ya ja da baya zuwa duwatsun Kazaure, kimanin kilomita 80 daga Kano, inda ya yi sansani mai kariya.

Dabo ya bi shi har can ya ci sansanin, amma ba a jima ba Ɗantunku ya yi wa dakarun Kano ba-zata ya fatattake su.

Ganin cewa babu wanda zai iya gamawa da ɗan uwansa, sai aka kai maganar gaban Sarkin Musulmi Bello, wanda ya yanke hukuncin cewa Kazaure masarauta ce mai zaman kanta, wadda za ta riƙa bin Sakkwato kai tsaye.

Abin da ya bari

Ɗantunku bai daɗe yana cin gajiyar wannan hukunci ba. Jerin sarakunan Kazaure ya nuna cewa ya rasu a shekarar 1824, shekaru biyar bayan 1819 da ake lissafawa a matsayin farkon sarautarsa.

Bai sake mallakar Ɗambatta ba, garin ya ci gaba da zama a hannun gidan Sarkin Bai, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano.

Ɗansa Dambo, wanda ya yi sarauta daga 1824 zuwa 1857, shi ne ya gina Kazaure ta zama cikakkiyar hedkwata, ya kuma faɗaɗa ƙasar, duk da hare-haren da take fuskanta daga Damagaram.

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a shekarar 1903, sun sanya Kazaure cikin lardin Kano, amma da sarkinta. A shekarar 1991 ta faɗa cikin sabuwar jihar Jigawa.

A yau masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, yayin da maƙwabciyarsu Babura, wadda ta kasance a ɓangaren Kano, ta koma ƙarƙashin masarautar Ringim.

Zuriyar Ɗantunku ce ta ci gaba da riƙe sarautar Kazaure, ciki har da Alhaji Najib Hussaini Adamu, wanda ya gaji mahaifinsa a shekarar 1998.